Zama a Gidan Wasu a Kumasi: Tambayoyin da Baƙi da Iyayensu Ke Yawan Yi Mini

Ina saurayi na sauka a Kumasi ta ƙasar Ghana, da jaka ɗaya da wasiƙar da kawuna ya rubuta wa wani dattijo a unguwar Aboabo. Shekara uku na yi a gidan dattijon nan, ina cin tuwonsa, ina kwana a ɗakin samarinsa. Yau ni ma ina da iyali a garin, kuma da wuya shekara ta fita ba a turo mini ɗan wani ko 'yar wani daga Najeriya ko Nijar ba, wannan karatu ya kawo shi, wancan koyon sana'a. Na zauna a gidan wasu, wasu sun zauna a nawa, don haka na san inda takalmin ke matsa kowane ɓangare. Ga tambayoyin da aka fi maimaita mini a waya, wasu daga bakin yaran, wasu daga bakin iyayensu.

Me ya sa mutanen zango ke karɓar baƙon da ba su taɓa gani ba?

Saboda da haka aka kafa zangon kansa, wato unguwannin Hausawa da sauran baƙi Musulmi a garuruwan Ghana. Kakanninmu fataken goro ne, masu tasowa daga Kano da Katsina da Sakkwato su yi wata da watanni a hanya kafin su isa Salaga, a ƙasar Gwanja. Da yaƙin basasa ya watsa Salaga a 1892, Turawan Ingila kuma suka shiga Kumasi a 1896, sai fatake suka riƙa gangarowa kudu, har cikin ƙasar Tonawa, wato Asante, inda goron yake fitowa. Duk falken da ya iso, gidan maigida yake sauka. Maigida ne zai ba shi ɗaki, ya ajiye masa kaya, ya haɗa shi da dillali, ya yi masa tafinta, ya tsaya masa in bashi ya shiga tsakani. Shi kuma falke ya ba da la'ada, in ya koma gida ya turo wasu.

Fatauci da jakuna ya wuce, amma kalmar maigida da nauyinta suna nan. Wanda ya ce "baƙona ne" a gaban jama'a, sunansa ya jinginar. In ka ci bashi ka gudu, ƙofarsa za a buga. In aka kama ka da abin kunya, ba za a ce ɗan wane na Kano ba ne, cewa za a yi yaron gidan Alhaji wane. Wannan shi ne abin da nake so kowane baƙo ya fara fahimta tun kafin ya ɗaure kaya: ba ɗaki kaɗai aka ara maka ba, har da mutuncin da mutum ya yi shekara arba'in yana ginawa a unguwa.

Waɗanne takardu zan riƙo?

Fasfo mai sauran kwana, da katin rigakafin cutar shawara, wato katin nan mai ruwan ɗorawa. Za a tambaye ka shi a iyakar Aflao in ka biyo ta Legas da Kwatano da Lome, haka ma a filin jirgi. Ɗan ƙasar da ke cikin ƙungiyar ECOWAS yana shiga Ghana ba biza, a buga masa kwana 90. In zamanka zai wuce haka, sai ka nemi izinin zama daga hukumar shige da fice, kuma ɗalibi yana buƙatar wasiƙar makarantarsa. Akwai kuma katin shaida da ake yi wa baƙi mazauna ƙasa, ana biyansa, ana sabunta shi duk shekara. 'Yan uwanmu na Nijar su lura: ƙasarsu da Mali da Burkina Faso sun fita daga ECOWAS a watan Janairun 2025, saboda haka su tambayi ofishin jakadanci abin da ake ciki kafin su kama hanyar Paga, iyakar Ghana da Burkina Faso.

Kada ka ji haushi in maigidanka ya matsa maka a kan takarda. A ƙarshen 1969 gwamnatin Firaminista Busia ta ba duk baƙon da ba shi da izinin zama mako biyu ya bar ƙasar. An kwashe mutane cikin manyan motoci, wasu a nan aka haife su, suka bar gidaje da rumfuna. Akwai tsofaffi a Aboabo da Sabon Zango da har yanzu suke lissafa maƙwabtan da suka tafi ba su dawo ba. Wanda ya ga wannan da idonsa ba ya wasa da takarda.

Fasfonka kuma ya zauna a hannunka, ko a inda kai ka zaɓa ka ajiye. Duk wanda ya ce sai ya riƙe maka shi dole, akwai abin da yake nufi.

Zan riƙa biyan maigida ne, ko kyauta ake zama?

A nan ne yawancin zama ke lalacewa, kuma kunya ce ke lalata shi. Uba a Kano yana jin nauyin ya tambayi abokinsa na Kumasi nawa zai riƙa aikowa, abokin kuma yana jin nauyin ya faɗa, sai a ce "ai ɗanmu ne, haba," a rufe magana. Wata uku lafiya lau. A wata na huɗu uwar gida ta lura kwanon shinkafar da ke kai su kwana uku yanzu biyu yake yi, katin wuta yana ƙarewa da wuri saboda akwai mai guga da cajin kwamfuta, ita kuma ba ta da bakin magana tunda mijinta ya riga ya ce ɗansu ne. Daga nan sai fuska ta sauya, miya ta ragu, yaro ya bugo wa mahaifiyarsa waya ya ce ba a son sa. Alhali babu mugu a cikinsu.

Shawarata ga iyaye: ku yi maganar kuɗi tun yaro bai taso ba, kuma ku ne za ku fara ta. Kada ku tambayi maigida ko yana so, don zai ce a'a. Ku ce, "Alhaji, ga abin da za mu riƙa turowa duk wata na cefane, a ba Hajiya." In ya ƙi, ku roƙe shi har ya karɓa. In ya rantse ba zai karɓa ba, to a juya abin ta wata hanya: buhun shinkafa lokacin azumi, jarkar mai, turmin atamfa ga uwar gida da Sallah, kuɗin makarantar ƙaramin yaron gidan. Shi kuma baƙo, ko ɗalibi ne mai ƙaramin ƙarfi, ya saba shigowa gida da wani abu a hannu, ko burodi ne, ko lemun zaƙi na yara. Ya sayi katin wuta wata rana ba tare da an tambaye shi ba. Yaba kyauta tukuici.

Ku kuma san abin da aka sauke muku. Masu gidajen haya a Kumasi sukan nemi kuɗin shekara ɗaya ko biyu a dunƙule kafin su ba da makulli, duk da cewa dokar haya ta 1963 wata shida ta yarda da shi. Ɗakunan ɗalibai na Ayeduase da Kotei da Bomso, kusa da jami'ar KNUST, su ma ba na mai ƙaramin ƙarfi ba ne. Wanda ya ba ɗanku katifa a ɗakinsa ya ɗauke muku kaya mai nauyi.

A fayyace tsawon zaman ma. "Har ya gama karatu" da "har ya samu ɗaki" ba magana ɗaya ba ce.

Zan ji Hausarsu kuwa?

Za ka ji, amma kunnenka zai yi mako biyu yana gyara zama. Da yawa a nan ba sa rarrabe namiji da mace a magana, sai ka ji an ce "Hajiya ya tafi kasuwa." Ƙ da ɗ da ɓ sukan saki, "kyau" ta koma kamar "cau". Za a cusa maka Tonanci da Turanci a tsakiyar jimla ba tare da mai maganar ya san ya yi ba.

Abu ɗaya nake roƙon ka: kada ka yi dariya, kada ka gyara wa kowa. Na ga samari daga Kano sun ɓata zamansu a kwana uku da "ba haka ake cewa ba." Hausar zango ba Hausar da ta lalace ba ce. Ita ce ta haɗa Bamoshe da Badagombe da Bazabarme da Bawangare da Bafulatani da Kotokoli a tsakar gida ɗaya sama da shekara ɗari, ana aure da ita, ana wa'azi da ita, ana raba gado da ita. Matar da kake yi wa gyara wataƙila harshe biyar take ji. Kuma kada ka ɗauka duk mai jin Hausa Bahaushe ne. Tambayi asalin mutum cikin ladabi, zai ji daɗin ba ka labari.

Tonanci kuwa, koyi na gaisuwa tun makon farko. "Akwaaba" ita ce maraba, "medaase" na gode, "mepa wo kyɛw" don Allah. Mai tumatir a kasuwar Kejetia takan sassauta wa baƙon da ya gwada harshenta.

Yaya gidan yake? Zan samu ɗakina ni kaɗai?

Da wuya. Yawancin gidajen Aboabo da Asawase da Sawaba da Alabar gidajen haɗaka ne: ɗakuna a jere sun kewaye tsakar gida, iyali biyar ko goma, famfo ɗaya, wurin wanka ɗaya ko biyu. Wasu gidajen ba su da bayan gida, sai a tafi na unguwa a biya. Namiji a ɗakin samari zai kwana, mace tare da 'yan matan gida ko a ɗakin tsohuwa.

Wanda ya taso a gidan da ke da zaure da cikin gida zai sha mamaki. A nan babu shamakin nan. Matan zango 'yan kasuwa ne, wata tun ƙarfe uku na dare ta hura wutar koko, wata tana da rumfa a kasuwa, wata ita ke riƙe da rabin gidan. Za ka fito wanka ka tarar da matan maƙwabta suna girki a gabanka. Ka fito a suturce, ka yi gaisuwa, ka wuce. Kada ka fassara sakin fuskarsu da wani abu.

Layin wanka da asuba yana da tsari ko da ba wanda ya faɗa maka: masu zuwa makaranta da masu fita aiki su ne gaba. Kuɗin wuta da ruwa raba shi ake yi, sau da yawa bisa yawan kayan wutar da ke kowane ɗaki, don haka kafin ka jona abin dafa ruwa ka tambaya. Ka tanadi bokitinka da butarka da soso da sabulu. Ƙananan abubuwa ne, amma a kansu ake faɗa.

Abincin fa? An ce sai fufu.

A cikin zango ba za ka yi baƙunta sosai ba. Da safe koko da ƙosai, ga masa, ga pinkaso. Shinkafa da wake ita ce "waakye" da duk Ghana ke ci, sunan ma daga waken namu ne, sai dai a nan da karan dawa ake dafa ta ta yi ja, a zuba mata yajin shito da taliya da garin rogo. Tuwon zafi da miyar ayoyo yana nan, ya fi namu taushi. Zoɓo shi ne sobolo, tsire shi ne cicinga, fura tana nan.

Fufu kuwa abincin Tonawa ne, rogo da ayabar dafuwa ake kirɓawa, kuma gidajen zango da yawa suna yin sa. Haɗiye shi ake yi, ba a tauna. Akwai banku da kenke masu tsami, waɗanda kan ɗauki baƙo lokaci kafin ya saba. In an sa maka abin da ba ka iya ci, ka ci loma biyu, ka yi godiya, daga baya ka sami uwar gida ita kaɗai ka ce, "Mma, cikina bai saba da wannan ba tukuna." Za ta gane. Abin da ba za ta manta ba shi ne ka ture kwanonta a gaban mutane ka fita ka sayo na waje. In kuma ba za ka ci abincin dare a gida ba, ka faɗa tun da rana.

Naman zango mahautan Musulmi ne ke yankawa. In ka fita cikin gari ka tambaya kafin ka ci, don miya takan zo da naman daji ko dodon koɗi ko alade, kuma ba wanda zai ji haushin tambayar.

Me zan kira mutanen gidan?

Maigida Baba ne, ko Alhaji. Uwar gida Mma ko Hajiya. Wanda ya girme ka Yaya, ko da shekara ɗaya ce. Tsohuwar gida ka kira ta da abin da jikokinta ke kiranta. Kowace safiya ka bi su ɗaki ɗaki ka gaishe su, ka rusuna, har da maƙwabtan da ba su haɗa komai da maigidanka ba. A gidan haɗaka wanda ba ya gaisuwa an gama yanke masa hukunci kafin la'asar. In za ka fita ka ce ga inda za ka, in za ka yi dare ka bugo waya. Ba tsare ka ake yi ba; in wani abu ya same ka, shi za a tambaya.

Dole ne in yi aikin gida? Ai karatu na zo.

Dole ne. Kwana uku na farko kai baƙo ne, za a kawo maka ruwan wanka. Daga nan ka zama ɗan gida, kuma ɗan gida yana ɗiban ruwa, yana zuwa aike, yana taya daka fufu, yana zubar da shara. Kada ka jira a sa ka. Dattijon da ya riƙe ni bai taɓa cewa in yi wani aiki ba, amma ranar da na ɗauki tsintsiya na share ƙofar gida kafin a fito sallar asuba, ranar ya fara kira na "ɗana" a gaban abokansa. In ka iya lissafi ko karatun allo, ka zauna da yaran gida bayan magariba. Babu abin da ke saye zuciyar uwa kamar wannan.

Amma akwai iyaka. In aikin ya kai ga hana ka shiga aji, ka kai wa maigida jadawalin karatunka ka nuna masa cikin ladabi. Yawancinsu ba su san awa nawa ake ɓatawa a trotro, motar haya ta cikin gari, tsakanin Aboabo da jami'a da safe ba.

'Yata ce za ta zo. Me zan bincika?

Wannan tambayar ba na amsa ta da gaggawa, kuma ina roƙon iyaye mata kada su bar wa maza ita su kaɗai. Hajiya, ki yi magana da uwar gidan da kanki, ba sau ɗaya ba. Ki san a ɗakin wa 'yarki za ta kwana, ƙofar tana da sakata ko babu, samari nawa ne a gidan. Ki sami mutum na biyu a Kumasi wanda ba ɗan gidan ba ne, mace in da hali, wadda yarinyar za ta iya zuwa wurinta. In kina da ƙarfi ki rako ta, ki kwana biyu, ki ga wurin da idonki.

Yawancin gidajen zango za su riƙe miki ita kamar tasu, har su yi mata kayan ɗaki in aure ya zo. Na ga haka sau da yawa. Amma na ga kuma yarinyar da aka kawo da sunan makaranta ta ƙare da tallan ruwa a tasha, shekara biyu ba ta taka aji ba, iyayenta suna can suna sa albarka. Riƙo amana ne, kuma amana tana son a riƙa leƙa ta. Ki nemi ganin takardar sakamakonta duk zangon karatu. Ki kira ta a lokacin da kika san tana ita kaɗai. Yarinyar ta riƙe wayarta da fasfonta da ɗan kuɗin mota da ba wanda ya san da shi. Ta haddace lambar gaggawa, 112, ta kuma san cewa 'yan sandan Ghana suna da sashe na musamman mai kula da cin zarafi a cikin gida, ana kiransa DOVVSU.

Maza ma ba su tsira ba. Akwai masu kiran samari da alkawarin aiki mai albashin dala, su ce a turo kuɗin rajista, yaro ya iso a tara shi da wasu a gida ɗaya, a karɓe wayarsa, a sa shi ya yaudaro 'yan uwansa. Duk masaukin da ba ku san wani dattijo da zai shaide shi ba, ba masauki ba ne.

Yaya zama da Tonawa yake?

Garinsu ne, kuma suna alfahari da shi. Sarkinsu Otumfuo Osei Tutu na Biyu yana kan karaga tun 1999, fadarsa ta Manhyia tafiyar ƙafa ce daga zango. Kada ka yi wasa da sunansa ko a cikin raha. Duk bayan mako shida, ranar Lahadi, ana bikin Akwasidae a fada, ka nemi ɗan gari ya kai ka sau ɗaya. Sarkin Zango da sarakunan ƙabilu suna zuwa gaisuwa fada, zumunci ne tsoho. In babban rashi ya faru a gidan sarauta akan ba da umarnin rufe kasuwa ko zama a gida, kuma umarnin ya shafi kowa.

Ranar Asabar za ka ga tituna cike da masu baƙaƙe da jajayen kaya, an kafa rumfuna, ana kiɗa. Jana'iza ce. Gawa takan yi makonni ko watanni a asibiti kafin a binne. Ba irin tamu ba ce, amma in maƙwabcin maigidanka ne ya yi rashi, ka bi shi ku je ku yi gaisuwa. In ka shiga taro, daga hannun dama ake fara musabaha a bi layi zuwa hagu. Kada ka miƙa wa kowa abu da hagu, kada ka nuna mutum da ita.

Za ka ji an kira ka Alata ko Anago in an gane daga Najeriya kake, wani lokaci a tuna maka korar 'yan Ghana da aka yi daga Najeriya a 1983. Ka yi murmushi ka wuce. Suna kuma ba da sunan rana kamar mu: Kofi shi ne Ɗanjuma, Akosua ita ce Ladi. Ka san ranar haihuwarka, za a tambaye ka.

Masallacin da maigida ke zuwa ba irin nawa ba ne. In yi yaya?

Musulmi kusan kashi 20 cikin 100 ne a Ghana bisa ƙidayar 2021, amma a zango kiran salla ta ko'ina yake zuwa maka. Akwai 'yan Tijjaniyya, akwai Ahlus Sunna, akwai wasunsu. Babban limamin ƙasa, Shehu Usman Nuhu Sharubutu, wanda aka haifa a 1919, Musulmi da Kirista duk suna girmama shi saboda zaman lafiyar da ya tsaya a kai. Ka yi sallarka inda zuciyarka ta natsu, amma kada ka mai da tsakar gidan mutumin da ke ciyar da kai filin muƙabala. In ana zikiri ko maulidi ko addu'ar arba'in a gidan kuma ba ka yi, ka taya shimfiɗa tabarma da rabon abinci, ka koma gefe. In kai ne mai wazifa a gidan da ba a yi, ka yi abinka a hankali. Ban taɓa ganin baƙon da ya sauya aƙidar maigidansa ba, amma na ga waɗanda suka rasa masauki a kan haka.

Kuɗi da waya fa?

Sidi ake kashewa, kuma kusan komai ta MoMo, wato kuɗin cikin waya, ake biya, don haka ka yi rajistar layi da sunanka da wuri. A 2007 aka cire sifili huɗu daga kuɗin, amma tsofaffi da 'yan kasuwa har yau da tsohon lissafi suke magana: in an ce maka miliyan ɗaya, sidi 100 ake nufi. Agogon Ghana yana bayan na Najeriya da Nijar da awa ɗaya.

Zan iya buɗe ɗan shago in taimaki kaina?

Ka yi hankali. Dokar zuba jari ta 2013 ta keɓe wa 'yan ƙasa ƙananan saye da sayarwa a kasuwa da talla, kuma an sha rufe shagunan baƙi a Kumasi a kan haka. Izinin zama na ɗalibi ba izinin aiki ba ne. Ka shawarci maigidanka kafin ka sa ko sisi.

Kewar gida ta dame ni, ga ciwo. Haka kowa ke yi?

Haka kowa ke yi. Makon farko komai sabo ne, ana ta ɗoki. Wata na biyu shi ne mai wuya: ruwan sama ya ƙi tsayawa, wanki ya kwana uku bai bushe ba, kaya suna warin danshi, ga zazzaɓin cizon sauro ya kayar da kai a ɗakin da ba mahaifiyarka. Damina biyu ake yi a nan, kuma wanda ya taso a busasshiyar iskar arewa jikinsa kan yi nauyi. Ka kwana cikin gidan sauro. In zazzaɓi ya zo a gwada jini kafin a sha magani. Babban asibitin garin shi ne Komfo Anokye, mutane "Gee" suke ce masa, akwai kuma na Manhyia kusa da zango. Ka faɗa wa uwar gida tun ciwon yana ƙarami. Ɓoye mata shi zai fi ɓata mata rai fiye da wahalar jinya.

Maganin kewa ba ya cikin waya. Wanda ya kulle kansa a ɗaki yana WhatsApp da mutanen gida dare da rana jikinsa ne kawai a Kumasi. Ka fito ka zauna a majalisar masu shayi, ka je suna, ka je ɗaurin aure, ka bi samarin gida filin wasa na Baba Yara ranar da ƙungiyar Asante Kotoko ke buga ƙwallo. Ku kuma iyaye, in yaro ya bugo yana kuka a wata na biyu, ku lallashe shi, ku bincika a hankali, kada ku ɗaga waya ku zazzage wa maigida.

Mun sami saɓani da mutanen gidan. Wa zan kai wa ƙara?

Zo mu zauna, zo mu saɓa. In da sa'anka ne, ku gama a tsakaninku. In da uwar gida ce, kada ka kai ƙararta wurin mijinta kai tsaye, domin ka haɗa faɗan da ya fi ƙarfinka. Ka sami tsohuwar gida ko wata aminiyarta. In abin ya girma, a koma wurin wanda ya haɗa ku tun farko, in ya gagara a je ga limamin unguwa ko sarkin ƙabilarku. Abin da ka gani a cikin gida kuwa, na kishiyoyi ne ko na bashi, ya tsaya a cikinka. Zango ƙarami ne, maganar da ka yi a Tafo da safe za ta riga ka isa Aboabo.

Duka, ko yunwa da gangan, ko wani ya neme ki da lalata, waɗannan ba saɓani ba ne. A bar gidan a ranar, a sanar da iyaye da hukuma.

Na samu ɗakina. Yaya zan tashi ba tare da an ji ba daɗi ba?

Ka faɗa da wata guda a gaba, kuma maigida ya fara ji daga bakinka, ba daga bakin yara ba. Ka ce, "Baba, ina neman izini, na samu wuri kusa da makaranta." Ka roƙe shi ya zo ya ga ɗakin, ko ya turo babban ɗansa, don mai gidan hayar ya san kana da mutane. Mahaifinka ya bugo waya ya yi godiya, mahaifiyarka ta kira uwar gida daban. Ka biya duk bashin mai shago da mai koko na ƙofar gida, ka mayar da makulli hannu da hannu, ka bi ɗakunan maƙwabta ka nemi gafara. Bokitinka da katifarka, in kana da hali, ka bar wa ɗakin samari. Juma'ar farko bayan ka tashi, in an sauko daga masallaci, ka biya ta gidan ka ci abincin rana a can.